Kwalaben da Suka Dawo Daga Sabuwa

Daudawa.

Ƙanwata Mansura,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Malam Harisu da yara? Ya zafin Kankara?

Abin kunya ya same ni. Jiya Hajiya Nana Khadija ta Sabuwa ta aiko mini da kwalba goma sha biyu na jam ɗin mangwaro, dafaffen nan da sukari, kowace da sunana manne a jiki. A garar 'yarta ta saka su, tare da alkaki da nakiya. Gaban dangin ango aka buɗe, sai ga hunhuna fari fat a sama. Ta ce in riƙe kayana, ta gode da tozarci.

Ni kuwa bana ban kai komai Sabuwa ba. Ke kike sayar mini a shagonki. Ko kin san yadda aka yi?

Yayarki,
Barakatu.

Kankara.

Yaya Barakatu,

Salamu alaikum, muna lafiya. Wallahi na ji babu daɗi. Ni dai ina ga zafin bana ne, kin san kayan zaƙi ba su son rana. Kuma Hajiyar nan akwai mita. Ki bar shi ya wuce. A gaida Baba.

Taki,
Mansura.

Daudawa.

Mansura,

Bayan gaisuwa. Ban bar shi ya wuce ba, na zauna na juye kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

Ni kanumfari guda nake jefawa ƙasan kowace kwalba, don ya ba da ƙamshin alkakin marigayiya Goggo. Ban sami ko ɗaya ba. Na latsa murafen duk suna ƙwas-ƙwas, alhali kwalbar da aka tafasa aka rufe da zafinta murfinta lotsawa yake, ya yi shiru. A tsakar gidan nan na koya miki wannan, har na ɗora yatsanki kan murfin. Rubutun sunan nawa kuma na hannunki ne, ai ni na riƙe miki fensir kina yarinya.

Shekara shida ina ƙona hannu a bakin tukunya kafin matan Faskari su yarda da abin da ke cikin kwalbata. Na ji ciwo, Mansura. Da bare ne da sauƙi.

Barakatu.

Kankara.

Yaya,

Ki yafe mini don Allah. Hajiya ta zo neman naki, ta tarar ya ƙare, biki saura kwana tara. Na ce ai na iya. Na dafa daidai, har lemon tsamin na matsa. Kwalaben ne na wanke da sabulu kawai, na ga tafasawar cin itace ce. Da na sa sunana ba za ta saya ba. Ki rufa mini asiri, Malam bai sani ba.

Ƙanwarki,
Mansura.

Daudawa.

Mansura,

Na je Sabuwa. Na durƙusa gaban Hajiya na ce kuskurena ne, ban ambaci kowa ba. Ta yafe, amma ta ce ba za ta ƙara saye ba.

Ga kwalba ɗaya na aiko wa yara, daga bishiyar Goggo. Ba ki buƙatar zuwa tsinkar mangwaro bana. Takardun sunana da suka rage wurinki, ki ba direban da ya kawo kwalbar ya taho mini da su.

Ki huta lafiya.
Barakatu.