Shafin da Ba Ni Na Rubuta Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? In ce dai kina shan maganin, ba ki ɗora shi a kan firij kina kallo ba kamar yadda kika saba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin in na kira, dariya za ki yi tun kafin in kai ƙarshe.

Kin san aikin nan da nake yi duk Asabar, wanda kika sa wa suna aikin Allah-ya-ba-da-lada. Bari in sake yi miki bayani, tunda na san ba ki taɓa saurara ba. Manhajar rubutun da nake buga takardun makaranta da ita a ofis ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera ta, kowa na ɗauka kyauta, wanda ya iya kuma ya buɗe cikinta ya gyara. Mu namu shi ne littafin jagora a harshenmu, wato shafukan da mutum ke buɗewa in ya rikice. Mu goma sha ɗaya ne a zaurenmu na intanet, duk 'yan sa-kai, kowa da laƙabinsa. Ni Sakatariya suke ce mini. Shekara biyar ina ciki, shafi ɗari da goma sha huɗu na rubuta da hannuna.

To, watan jiya baban yara ya so ya buga wa ɗalibansa na makarantar tuƙi takardar shaida, mutum talatin, kowa da sunansa. Na ce ai akwai hanyar da za a haɗa takarda ɗaya da jerin sunaye, ta fitar da talatin ɗin kai tsaye, kuma ni na rubuta shafin bayaninta. Na buɗe masa na tafi wanki. Da na dawo na tarar ya rafka tagumi. Wai ya karanta sau uku bai san inda zai fara dannawa ba. Raina ya ɓaci, na janyo kujera na nuna masa da yatsa. Yana kallo yana rubutawa a bayan wata tsohuwar ambulan ta wasiƙa.

Washegari ina share tebur na ga ambulan ɗin. Layi bakwai ne kawai, Yaya. Na farko cewa ya yi: “Kada ka taɓa komai tukuna. Dubi sama, wajen hagu.” Na huɗu kuma: “Wani akwati zai fito ya tsorata ka. Ba ka ɓata komai ba, danna Ci gaba.” Daidai yadda yake lallaɓa ɗaliban da ƙafarsu ke rawa a kan birki. Nawa shafin kuwa sai an gangara allo tara kafin a kai ƙarshensa.

Na buga layukan nan, na haɗa da hotunan allo, na aika zaure. Da sunana.

Mako biyu ke nan ana yabo. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto cewa ta buga katin marasa lafiya ɗari biyu kafin shayinta ya huce. Shugabanmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda tunda nake bai taɓa ce mini fiye da “an gode” ba, ya rubuta cewa wannan ne shafi mafi kyau da Sakatariya ta taɓa yi. Mafi kyau! Ɗari da goma sha huɗun fa? Ina karanta yabon ina jin kamar ana zuba mini garwashi a ƙirji. Shi kuwa mai ambulan yana can yana wanke motarsa yana fito, bai san wainar da ake toyawa ba.

Ki ba ni shawara, amma ban da wa'azi. Ki gaida yara.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin jin cewa kumburin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarki ta iso, kuma na ce ban da wa'azi kika cika shafi biyu da shi. Kin ce ramin ƙarya ƙurarre ne. To ga shi na iso ƙarshensa.

Shugaba ya nemi in sake rubuta shafuka goma a kan wannan sabon salon nawa. Asabar uku ina fama. Duk wanda na fara da layi bakwai sai ya ƙare da talatin, domin ni in na san abu ba na iya barinsa ban faɗa ba. Ranar Asabar ta ukun na rufe kwamfuta, na sami baban yara a tsakar gida yana gyaran madubin mota, na faɗa masa komai. Na shirya wa faɗa. Sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe ambulan ɗinsa ta yi suna a duniya shi yana nan. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta wa zaure gaskiya, na mayar da sunan shafin ga mai shi. Na zaci za a yi mini ca. Ko mutum ɗaya bai tsaya a kaina ba. Duk tambayar ɗaya ce: ina mutumin yake, a shigo da shi. Yanzu mu goma sha biyu ne, Direba suke ce masa.

Yaya, mutumin nan da yatsa biyu yake buga rubutu. Ni na buɗe masa imel. Har yau in firinta ta maƙale, ni yake ƙwala wa kira. Amma in ya aika shafi, kafin la'asar an cika zaure da sambarka. Ni in na aika nawa sai a ce an gani. Har wata kalma ta shigo bakinsu, in shafi ya yi tsawo sai su ce a kai wa Direba ya yi masa kwaskwarima. Shekaranjiya shafina na jera lambobin shafi aka faɗa wa haka, ina zaune a zauren.

Ƙa'idarmu ita ce ba a sakin shafi sai wani ya karanta ya amince. Shugaba ya ce tunda gida ɗaya muke, ni zan riƙa duba nasa. Ina dubawa da jan biro a zuciyata, ina neman kuskure kamar mai neman allura a rairayi. Sai dai waƙafi da ɗigo nake samu.

Tebur ɗaya muke zama yanzu ranar Asabar, shi a can gefen taga, ni a nan. Yana rubutu yana motsa baki. Wani lokaci ya ɗago ya tambaye ni me wannan maɓalli ke yi, in faɗa masa cikin numfashi ɗaya, ya mayar da shi layi biyu, duniya ta tafa masa. Ki faɗa mini, akwai macen da ta taɓa jin haushin mijinta don ya iya abu? Ina son mutumin nan, kin sani. Amma in na ji ƙarar saƙo a wayarsa sai in leƙa in ga wa ke yabonsa kuma.

Kada ki faɗa wa Inna.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ki yafe mini shirun wata guda, abubuwa ne suka cakuɗe.

Duk shekara masu manhajar nan suna taro na kwana huɗu a wata ƙasa, kuma bana an ba zaurenmu kujera ɗaya. Shekara biyar ina kallon hotunan taron nan. Aka ce a jefa ƙuri'a. Direba ya sami takwas. Ni na zo ta biyu da guda biyu: tawa, da tasa. Ya zaɓe ni, Yaya, ni kuwa kaina na zaɓa. Duk zauren babu wanda ya tuna da ni sai mutumin da nake jin haushi.

Ga abin da na yi, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Akwai shafuka shida da ya rubuta, waɗanda zai nuna a taron, suna jiran amincewata. Na zauna a kansu mako uku. In Shugaba ya tambaya in ce jarrabawa ta sa aiki ya yi mini yawa a ofis. A gida kuwa na zama kurma. In kawo abinci in ajiye, in ya yi barkwanci in ce ban ji ba. Bai taɓa tambayata shafukan ba ko sau ɗaya.

Ranar Talata ina ofis Shugaba ya kira ni. Wai Direba ya janye, ɗalibai sun yi masa yawa, don haka kujerar ta dawo kaina, in shirya takarduna. Ni kuwa na san motarsa ɗaya tana gareji, ɗalibansa ma sun ragu. Abin da nake mafarki ya zo hannuna, sai na ji kamar an miƙo mini ragowar kwano.

Ban jira tashi ba, na nemi izini na tafi filin da yake koyarwa. Na same shi yana jera tsofaffin tayoyin da ɗalibai ke zagayawa. Na ce ban roƙe shi sadaka ba. Ya ce taro kwana huɗu ne, ni kuwa kullum ce, kuma mako uku ke nan bai ga haƙorana ba. Na ce tausayina yake ji ke nan. Nan fa ya ajiye tayar da ke hannunsa. Shekara goma sha shida da aure ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce: “To me kike so in yi? In na ci laifi, in na bari laifi. Kin zaci ban san inda shafukana shida suke ba?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma bakina bai mutu ba, na ce duk abin da ya rubuta ai daga bakina ya ɗauka. Ya ce ƙwarai kuwa, kuma ya faɗa wa zaure haka ba sau ɗaya ba. Sai ya ƙara da maganar da har yanzu take ci na. Ya ce: “Kin fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma ke kina rubutu ne don a san kin sani. Ni ina rubuta wa mutumin da hannunsa ke rawa, domin nawa ma rawa yake.”

Na juya na bar filin. Na koma gida da ƙafa, ina tafe ina share ido da gefen mayafi, mutane na kallona.

Da yammar nan na buɗe shafukan shida. A na biyar na sami kuskure na gaske: ya tsallake mataki ɗaya, wanda duk ya bi shi a haka jerin sunayensa zai goge gaba ɗaya. Yaya, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Sai da na gama jin daɗin sannan na tuna da ma'aikaciyar jinyar nan da katunanta ɗari biyu. Na gyara, na nuna masa, ya ce da ya kashe mutane. Na saki shafukan. Na rubuta wa Shugaba cewa aikin Direba ya yi sauƙi, kujera tasa ce, kuma jinkirin daga gare ni ne, ba daga jarrabawa ba.

Ki sa ni a addu'a, zuciyar nan ba ta jin magana.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da kiran da kika yi, ko da yake rabinsa dariya ce.

Ya je ya dawo lafiya. Ni na goge masa riguna, ni na shirya jaka, har na rubuta masa amsoshin tambayoyin da na san za a yi masa ya rasa ta cewa. Ya turo hoto yana tsaye gaban jama'a da kati rataye a wuya, yana washe baki. Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba. Na kalli hoton nan na kife wayar, na sake ɗauka, na sake kifewa. Na nuna wa duk matan ofis ina cewa ku ga baban yara.

Kwana huɗun da ba ya nan na rubuta sabon shafi, na yadda ake saka tebur a cikin takarda. Na kai wa shugabar makarantarmu, wadda ke tsoron kwamfuta kamar maciji, na ce ta bi shi ina kallo ba zan ce uffan ba. A mataki na huɗu ta tsaya cak. Na ciji leɓe ina ganin yatsanta yana yawo a sama, ta rasa inda za ta sauke shi. Shekara biyar ina rubuta wa mutane, ranar na fara ganin ɗaya daga cikinsu yana karantawa.

Na sake rubutawa. Da ya dawo ya huta, na buga shafin a takarda na ajiye masa kusa da kofin shayi, tare da biro. Ya dube ni, ya dubi biron, ya ce tsakani da Allah ko tarko ne? Na ce ya yi aikinsa. Mutumin nan ko kara bai yi mini ba. Gyara goma sha ɗaya ya yi.

Na karɓi tara. Sauran biyun ni ce da gaskiya, Yaya, kuma shi ma ya sani.

Ki gaida maigidan da yara, ki shafa mini kan auta.

Taki,
Ƙanwarki Sakatariya.