Atamfar da ke Ƙasan Akwatin Babanki

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, ina fata kina lafiya, kina kuma cin abinci a kan lokaci. Ni ga ni nan a Narayi, da sauƙi, ban da hawan jinin nan da kika sani.

Na kira wayarki ba ki ɗauka ba. Na tura saƙo, yana nan ba a buɗe ba. Tunda an ce yanzu a intanet kike kwana kike tashi, shi ya sa na biyo ki nan shafinki. Na san matan zumuntar coci suna karantawa, har da masu neman abin da za su kai gaba. Su karanta. Ranar Asabar ta kusa, ba ni da lokacin jin kunya.

Da farko, kada ki ɗauka na canza ra'ayi a kan aikinki. Fiye da shekara goma kina ma'aikatar gwamnati, kina da teburinki, albashi yana shigowa ko ana ruwa ko ana rana, fansho yana jiranki. Kika zo ina tsince wake a tsakar gida, kika ja kujerar roba kika ce, "Mama, na ajiye aiki." Na tambaye ki wa ya kore ki, kika ce ba kowa. Kika ce kujerar ofis ta ishe ki, kina tsufa a kanta ba ki san me kika yi da ranki ba, kuma tsofaffin kayan da kike sayarwa a waya ranakun hutu sun fara riƙe ki. Na ce miki kujera ba ta isar mai hankali. Har yau haka na gani.

Tsofaffin kwanonin samira, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, rediyon da ya daina magana tun kina goye. Rifkatu, a zamaninmu mai yawo gida gida tana karɓar tsohon kaya dillaliya ake ce mata, kuma ba a biya wa yarinya kuɗin jami'a don ta zama dillaliya. Ranar na kira ki 'yar jari-bola mai digiri. Kika yi dariya, amma na ga idonki.

Ke kin ga babanki. Shi bai ajiye aiki ba, aiki ne ya ajiye shi. Da aka rufe masaƙa a Kakuri, ya daɗe yana tashi da sassafe, ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya fito ƙofar gida ya zauna yana gaida masu wucewa. Ni na san abin da na sayar da abin da na jinginar kafin ki gama sakandare. Mutumin da ya taɓa ganin tukunya a kife ba ya wasa da albashi. Shi ya sa na ce kada ki sake tako gidana sai kin koma ofis kin roƙe su. Ke kuma, da yake taurin kai a wurina kika sha, kika kama ɗaki a Gonin Gora kusa da masu motar Abuja, kika yi shiru.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki waya yau ba.

Kin tuna kafin ki tafi kin roƙe ni tarkacen da ke cikin sito? Ina fushi, ina ɗaura ɗankwali zan tafi taron zumunta, na ce ki kwashe duka tunda bola kika zaɓa. Tukwane nake nufi, da fitilu, da keken ɗinkin da ya mutu. Ban taɓa tunanin za ki nemi mai keke-napep ya ɗaga miki akwatin ƙarfen babanki ba. Na dawo ban ma leƙa siton ba, don raina ba ya son ganinsa wayam.

Ranar Lahadi bayan sujada, Maman Bulus ta tare ni a bakin ƙofar coci tana miƙo min wayarta. Ta ce, "Maman Rifkatu, 'yarki fa ta zama babbar 'yar kasuwa, dubi yadda 'yan Abuja ke rububin atamfa." Na sa tabarau. Shuɗiya ce mai ɗigon ruwan goro, kin shimfiɗa ta a kan tabarma, kin ɗauki hoton bakinta kusa kusa, daidai inda zanen ya goce ya hau kan ɗan'uwansa. Sai na zauna a kan dakali. Na ce wa Maman Bulus rana ce ta dame ni.

Wannan gocewar na san ta kamar tafin hannuna. Babanki a sashen buga zane yake. Idan turmi ya fito da aibi, akan sayar wa ma'aikata da araha. Wannan shi ne na ƙarshe da ya shigo da shi gidan nan, a cikin takardar siminti, ya ajiye min a kan gado ya ce, "Ladi, wannan hannuna ne ya yi ta, har kuskuren nawa ne." Ban kai ta wurin tela ba. Kirsimeti nawa ya wuce ina maimaita tsohon zane, ban sa mata almakashi ba.

Yanzu zan faɗa miki abin da ba a faɗa wa 'ya'ya, kuma a gaban jama'a, don kin rufe min sauran ƙofofi.

A wurinmu, mace in ta fara manyanta takan ware zane ɗaya wanda almakashi bai taɓa ba, ta ɓoye. Da shi za a lulluɓe ta kafin a rufe akwatin gawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a gaya wa yara, don kada su ce uwarsu tana kiran mutuwa. Ƙawa ake nuna wa, tsarar mutum, wadda ranar da abin ya faru za ta shigo ɗaki ta ce, ku buɗe wuri kaza. Haka kakarki ta yi, haka na yi. Na sa ta a ƙasan akwatin babanki, ƙarƙashin rigunan aikinsa, don na san ba mai buɗe shi. Duk ƙarshen damina nakan fito da ita ta sha iska, in canza mata kafur, in mayar.

Wadda na nuna wa ita ce Maman Nanret, maƙwabciyarmu ta dā. Kin san ɗanta ya zo ya mayar da ita Filato. Bara da na je gaishe ta, ta riƙe hannuna tana murmushi, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. To, kin gani. A duk duniya ni kaɗai na rage da na san aikin atamfar nan, kuma ranar da za a neme ta ba zan iya magana ba.

Ban ce kin yi sata ba. Ni na ce ki kwashe. Kin buɗe akwati kin ga turmi sabo fil an bar shi yana tsufa a banza, kika yi abin da sana'arki ta koya miki. Amma wannan shi ne abin da nake jin tsoro a sana'ar nan tun farko. Kina shiga gidajen mutane, jikoki suna fito miki da abin da suka tarar a ƙarƙashin gado, suna murna sun rabu da tarkace. Kin taɓa tambaya me ya sa tsohuwa ta naɗe abu sau uku ta ɓoye? Ba duk abin da aka ajiye ne aka manta da shi ba. Wani yana jiran ranarsa ne. Daga yau, in kin ga zanen da ba a yanka ba a ƙasan akwati, ki nemi tsohuwar gidan ki tambaye ta a keɓe, ko da cinikin zai lalace.

Na karanta abin da wata mata ta rubuta a ƙasan hoton, wai za ta yi rigunan matashin kujera da ita. Na ga kin amsa mata za ki ba direba ranar Asabar. Matashin kujera, Rifkatu. Baƙi su zo su jingina da ita suna shan lemo.

Na kuma karanta abin da ke kika rubuta a sama. Kin ce irin wannan babanki yake bugawa a Kakuri, kuma kina tuna hannunsa kullum da shuɗi har cikin farce, in ya shafa kanki kina gudu kada ya ɓata miki kitso. Ban san kin riƙe wannan ba. Ni kaina na manta da gudun nan naki. Na karanta na sake karantawa, na kife wayar a cinyata.

Ga abin da nake so. Idan ciniki bai faɗa ba, ki ba matar haƙuri, ki dawo min da ita. Idan kuwa kin riga kin karɓi kuɗinta kin ba ta kalmarki, kada ki fasa saboda ni. Ban haifi mai saɓa alkawari ba, kuma tunda kin zaɓi kasuwa, ki yi ta da gaskiya. Sai dai ki biyo da ita ta Narayi kafin ki kai tasha, in ɗora hannuna a kanta sau ɗaya. Bayan haka ki nemo min wata ta masaƙar nan. Ke ce kika san gidajen da suke. Ki duba bakin kowace da kyau, ko Allah zai sa ki sami wadda zanenta ya goce.

Ko wacce ce a cikinsu, ke za ki riƙe sanin inda take. Ba haka ake yi ba, amma tsararrakina sun ƙare, ke kika rage min.

Maganar kada ki tako gidana kuwa, ban janye ba, na dai ɗaga ƙafa. Za ki sha faɗa in kin zo, ki shirya. Zan dafa miki gwaten acca, ki zo da yunwarki. Ki biya kasuwa ki sayo kafur, wanda nake da shi ya ƙare.

Ubangiji ya tsare shigarki da fitarki. Ya sa kada ki ga ranar da babanki ya gani. Idan hanyar nan da kika ɗauka ba mai ɓullewa ba ce, ya juyo da ke tun da sauran ƙarfi. Idan kuwa mai ɓullewa ce, ya ba ni tsawon rai in gani da idona, in ji kunya. Amin.

Ni ce mamanki,
Ladi