Gonar Tsakuwarka Ta Fito a Taswira

Zuwa ga Malam, maigidana,

Gaisuwa mai yawa, Allah Ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma sai ka yini kana neman tabarau, alhali yana goshinka.

Ka tuna gonar tsakuwar nan ta gindin dutse, a hanyar Roni, inda ka dasa inabi guda uku? Ka bar fadama mai kyau, kana yawo kana ɗibar ƙasa kana sawa a harshe. Ni na fara kiranka mai cin ƙasa, har jikoki suka ɗauka.

To, bayan babbar salla ma'aikatan gona suka zo daga Kano da ƙarfen haƙa da ƙatuwar taswira. Sun daɗe suna huda ƙasa daga Gwiwa har Babura, suna neman inda inabi zai yi. Fadamar da nake yabo suka ce tana riƙe ruwa, saiwa za ta ruɓe. Da suka shimfiɗa takardar a zaure, wurin da suka shafa wa ja, alamar inda inabi zai fi yi, ashe gonarka ce. Abin da suka auna da kwalabe, kai da harshe ka auna shi. Wa ya koya maka, Malam? Babbansu ya ce a Turai irin wannan ƙasa ake nema don jar giya. Na ce ya riƙe Turansa, namu na buɗe-baki ne.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Inabi na ukun nan da ya mutu, ba gara ce ta ci shi ba, ni ce. Ka ce a bar shi ya ɗan sha ƙishirwa, ni kuwa tausayi ya sa nake kai masa tulu a ɓoye. Ka sani, ko? Don wata rana ka daɗe kana kallon sawuna a laka.

Ɗanmu Sani yana so a sayar da gonar ga masu kwasar tsakuwar sabon titi, har na kusa yarda. Yanzu na gaya masa muddin ina numfashi babu tifar da za ta shiga.

Biyun da suka rage sun yi 'ya'ya bana, zaƙi kamar zuma. Jiya da na ga ba kowa, na durƙusa na sa ƙasar a harshe. Ban ji komai ba sai ƙasa, Malam.

Ka huta lafiya, sai na iso.

Taka mai tsokana,
Uwar Sani