Kujerar Baya a Ajin Latin

Ya Noemi, sanyin idona, ruwan farko da ake sakowa cikin magudanar gona bayan ƙasa ta tsage, furen lemun da ƙamshinsa ke riga shi isowa!

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da tsoro ya kama. Kin san aikina. Yini nake a ofishin jarida ina soke kalmomin ado daga rubutun mutane, ina tambayar kowa wa ya faɗa, yaushe, ina shaida. Yau alƙalamin ya ƙi bin dokata. Duk da haka bari in fara da yadda lamarin yake, kamar yadda na saba, sannan zuciya ta faɗi nata.

Jami'ar bakin teku da kike so ba za ta ɗauke ki a sashen harsunan dā da adabinsu ba sai kin gama kashi na biyu na Latin. Kwalejin garinmu sau ɗaya take koyar da shi a shekara, a zangon da za a buɗe ranar Litinin. Kwaleji kuwa ba ta buɗe aji don mutum kaɗan. Idan masu rajista ba su cika ba zuwa Juma'a za a soke shi, ga Malama Whitcomb mai koyar da shi ta riga ta ce daga bana ba za ta ƙara koyarwa ba, kuma babu mai gadonta. Jiya kika ce mini kin gaji da jiran hukunci, za ki cire sunanki da kanki, ki kama gurbi a kwas ɗin mataimakan likitan haƙori kafin ya cika. Kina wanke kofi kika faɗa, ko juyowa ba ki yi ba, kamar mai sanar da ni gishiri ya ƙare.

Tun daga lokacin ban sami natsuwa ba. Kakana manomin inabi ne. A irin wannan wata yakan tsinke amfanin shekara gaba ɗaya, ya shimfiɗa shi a kan takarda tsakanin kunyoyi don rana ta busar, daga nan ba ya da sauran aiki sai kallon sama. Gajimare ɗaya ya leƙo daga bayan duwatsu, sai abinci ya gagare shi. Ina yaro nakan yi masa dariya. Yau na gane shi, ya hasken kwarinmu! Duk abin da kika tara yana shimfiɗe a fili, ni kuma ina tsaye ina kallon sama.

Kin tuna ranar da muka fito daga kasuwar manoma, kina riƙe da ɓaure a leda, muka biyo ta gaban tsohon cocin unguwarku? Sai kika ja birki a tsakiyar hanya, kika damƙe hannuna har farcenki ya bar mini shaida. “Tsoho, tsaya! Na karanta! Ka ga rubutun Latin ɗin da ke saman ƙofar nan? Tun ina ƙarama nake wucewa ta ƙarƙashinsa, na ɗauka ado ne. Cewa ya yi hannuwan masu tsinkar ’ya’yan itace ne suka gina gidan nan. Ashe mu ake nufi!” Ɓauren ya zube a ƙasa, ba ki ko kula ba. Na ga furen gonaki a watan Fabrairu lokacin da kwarin nan yake zama fari fat, na ga gauraki suna sauka a fadama da sanyin hunturu, na ga ƙanƙara a kan duwatsu bayan hazo ya yaye. Babu wanda ya kama ƙafar fuskarki a wannan rana. Wace rana ce ta taɓa fitowa haka? Wane rummani ne ya taɓa fashewa da irin wannan ja?

Daga nan kika shiga tsara hanya. Kin yi tarihi, kin yi falsafa, kin yi lissafin nan da kika tsana har kika ci shi da kuka, duk bayan kin tashi daga rumfar tantance lemu ƙafafunki a kumbure. Ina zaune a teburin girkinku ranar da Gwaggo Chelo ta ce, “Latin? To madalla. In kin gama sai ki buɗe ofis a maƙabarta, ai can masu jin yaren suke.” Kika ce, “Gwaggo, ko banza su ba sa katse mutum in yana magana.” Ta jefe ki da tsumman goge tebur, muka yi ta dariya. Ba na ganin laifinta. Ita ta raine ki, rumfar nan ce ta lanƙwashe mata yatsu, burinta ki sami aikin da ake yi a inuwa. Tsoronta na gaskiya ne. Nawa ma haka.

Nawa kuma kashi biyu ne, ba zan ɓoye miki ko ɗaya ba.

Ina tsoron tafiyarki. Jami'ar nan tana bayan duwatsu, inda iska ke da gishiri, inda za ki zauna da samarin da suka tashi cikin littattafai, masu ba'a a cikin harshen Girka. Ni kuwa me nake da shi? Ni mutum ne mai furfura a gefen kunne, mai rubuta rahoton taron hukumar rabon ruwa. Ina tsoron ranar da za ki dawo hutu ki ga garinmu ya ƙanƙance, ni ma na ƙanƙance tare da shi. Ina tsoron wayar da za ta riƙa gajarta, da dariyar da za ki yi kan abin da ban sani ba. Jiya da kika ce kin fasa, wani lungu a zuciyata ya yi ajiyar numfashi. Na ji shi sarai, kuma shi ya fi komai firgita ni.

Domin tsoro na biyu ya danne na farko. Na hango ki nan da wasu shekaru, kina da aiki mai kyau, kina da mota, muna tare, mu biyo ta gaban cocin nan ki wuce ba ki ɗaga kai ba. Wayyo, Noemi! Wannan wace mace ce zan aura? Ina zan kai idona in kika dube ni a kan abinci, ba da fushi ba, da irin haƙurin nan mai kashe gida a hankali? Gara in yi kewarki kina can kina raye, da in same ki kullum a gefena fitilarki a kashe.

Don haka da safen nan na tafi kwalejin. An ce mai zuwa sauraro kawai ba ya shiga ƙidaya, sai cikakken ɗalibi, kuma ba a shiga kashi na biyu sai da shaidar na farko. Na tono sakamakona na jami'a, inda na taɓa yin Latin na tsallake da kyar. Matar ofishin rajista ta ɗaga takardar ta duba, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, “Malam, takardar nan fa ta girmi wasu ɗalibanmu. Ka tabbata ba ajin rawa kake nema ba?” Na ce na tabbata. Ta shigar da ni. Na tambaye ta ko yanzu an cika. Ta ce ba huruminta ba ne ta faɗa, amma na rage giɓi.

Ga iyakar abin da na sani, ba zan ƙara masa gishiri ba. Ban sani ba ko sunana zai isa. Abin da na tabbatar shi ne, in kika cire naki, nawa ramin da kika bari kawai zai cike, mu koma inda muke. Na san kuma abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne: kafin Juma'a gurbin kwas ɗin haƙori zai iya cikewa, a kuma soke Latin, ki tashi babu ko ɗaya. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni cin abinci. In haka ta faru, tare za mu nemi wata kwalejin da ke koyar da shi, ko da a wace gunduma take, ni zan riƙa tuƙa ki.

Amma ina roƙonki, ya inuwar ɓaurena, ya ruwan rijiyata mai sanyi, kada ki soke kanki kafin a soke ki. Ki bar sunanki inda yake. Ki daure zuwa Juma'a.

Na yi miki alkawari ba zan sulale ba bayan an gama ƙirga kawuna. Zan zauna har ƙarshen zango, zan yi aikin gida, zan sha kunya a gaban yara duk ranar da Malama Whitcomb ta kira sunana. Na san sarai ajin da na shiga shi ne ƙofar da za ki fita ta cikinta ki bar ni a kwarin nan. Zan riƙe miki ita a buɗe da hannuna.

In an buɗe ajin ranar Litinin, ki zauna a gaba yadda kika saba. Kada ki damu da neman inda nake. In kin ji wani a kujerar baya yana karanta jimla yana tuntuɓe, ni ne.

Naki a wannan gefen duwatsu da wancan, yau da bayan kin tafi, har ranar da za ki dawo ki karanta mini duk abin da aka rubuta a saman ƙofofi,

Garen