Ɗakin da Kowa Ke da Mabuɗinsa

Zuwa ga Manajan kamfanin sayen riɗi na garinmu, Wudil.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni ne Sule mai gyaran keke na Sabon Gari, mahaifin Habibu, akawun da kuka dakatar bayan ƙaramar Sallah. A aji huɗu na rabu da boko, ko in ce boko ya rabu da ni, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. An ce Habibu ne ya fitar da farashin da kuka shirya sayen riɗin bana, har 'yan kasuwar Kano suka ɗora kaɗan a kai suka kwashe na ƙauyukan Kausani da Dagumawa. Asara ce, ban musa ba. Amma hujjarku ita ce shi ya buga takardar a kwamfuta.

Na biyu. Tun da kuɗin mai suka zubo kowane ofis ya cika da kwamfuta, ni kuwa ko kunna ta ban iya ba. Habibu ya kwatanta mini cewa kwamfutocinku a haɗe suke, takardu duka suna zube a wuri ɗaya: na albashi, na farashi, na asibitin ma'aikata. Kalmar sirrin buɗewa guda ce, wadda injiniyan da ya haɗa su ya bari ya tafi. Na ɗauka kare kansa yake yi, sai da na zo neman ganinka. Ina kan benci na ji kashiya ya ɗaga murya daga kujerarsa yana faɗa wa direba kalmar, domin ya buga katin ɗaurin auren ƙanensa. Sau biyu ya maimaita, saboda janareta na ƙara.

Na uku. Gidana na ƙasa ne, amma baƙo a zaure yake tsayawa. Ɗan'uwa ya shiga tsakar gida. Rumbu kuwa mabuɗinsa na aljihuna, duk da dai abin da ke ciki bai kai a yi masa gadi ba. Ranar da hatsi ya ɓata, na san wanda zan tambaya. Ku kun zuba komai a zaure, sannan kun kama wanda ya fi kusa da ƙofa.

Yaron nan ya daina zuwa majalisa. A masallaci sahun baya yake tsayawa, ya fice kafin a shafa addu'a. Aiki ana sake samu, amma a garin da kowa ya san kakanka, sunan maci amana ba ya wankuwa da sauƙi.

Roƙona: a raba takardun nan ɗaki-ɗaki, kowane ma'aikaci da nasa mabuɗin, iyakar abin da aikinsa ya shafa. A sake bincike a kan duk wanda ya san kalmar. In laifin na Habibu ne, ni zan riƙo hannunsa in kawo shi. In ba nasa ba ne, a wanke shi a gaban waɗanda aka kunyata shi a gabansu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da abin da aka rasa, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Don Allah kuma a canza kalmar yau. Ni da nake manta inda na ajiye sifana, har yanzu tana kaina. In sanin ta ne laifi, sai a dakatar da ni ma, ko da yake ba ku ɗauke ni aiki ba.

Wassalam.

Sule mai gyaran keke,
Sabon Gari, Wudil.