Zugun da Kika Sa Mini a Kaya

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga ramin zinariya na ƙasar Tonawa, can kudu inda ake sayo goro, daga hannun ɗan fari, zuwa ga Inna, wadda ke kwance a kushewar bayan garin Gwandu. Gaisuwa mai yawa, da ban girma, da roƙon gafara.

Bayan haka, na san ba ki karatu, na kuma san inda kike ba a kai takarda. Fataken goro zan ba, su karanta ta a zauren Baffa. Wanda ya ga na yi rashin kunya, ya zo nan ya shiga rami wuni ɗaya, sa'an nan ya yi mini faɗa. Rubutun ma a jikin akwatunan nakiya na koye shi, don haka kada wani malami ya dame ni da gyara.

Inna, yau Sallah. Ke kin fi kowa sanin abin da ranar take gare ni, tunda ranar ƙaramar Sallah kika haife ni, ana kan hanyar Idi, har sunan ya bi ni. Tun zuwana nan ban taɓa ganin Sallah da hasken rana ba, kullum muna ƙarƙashin ƙasa. Sallarmu ba ta taɓa tsayar da keji ba, akwakun ƙarfen da ke saukar da mu rami. Amma bana ta faɗo daidai da ranar haihuwar Sarkin Turawa, wanda ba wanda ya taɓa ganin ko ƙeyarsa, sai ga ƙasa duka ta tsaya cik. An rufe rami, an rufe kasuwa, an rufe kantuna, an kafa tutoci. Yanzu haka da nake rubutu da la'asar, ina jin badujala daga fili. Ana jan igiya, ƙarti na hawan sanda da aka shafe da kitse don su ciro hula, Turawa na zaune a inuwa suna dariya.

Kin tuna yadda kike yi mini ranar nan? Ba ki taɓa faɗin sunana ba, kunyar ɗan fari ba ta bar ki ba. "A ce wa wancan ya zo ya ci abinci," haka kike cewa, alhali ina tsaye gabanki. Amma kowace Sallah, in na dawo Idi, sai in tarar da ƙwarya a gindin rumbu, an rufe da sabon faifai, fura da nonon da ba a tsarma ba. Ke kuwa kina can kina watsa wa kaji tsaba, kin ba ni baya, kina ce musu, "Ku ci, yau ranar wani ce." Ina yaro haushi nake ji. Har na taɓa tambayar Goggo ko tsinto ni aka yi a hanyar Dodoru.

Ranar da zan taho, ba ki raka ni ko ƙofar gida ba. Sai da muka ya da zango a Kalgo na kwance kayana, na ga zugu fari, naɗi guda, zaren kaɗinki. Na san shi, don duk damina ina ganinki da mazari. Na ce a raina Inna ta ba ni rigar Sallah. Na yi ta ajiyarsa, ina jiran Sallar da zan yi a sarari.

Da fatake suka kawo labarin rasuwarki, na yi niyya bana ko ana ha-maza-ha-mata sai na sa aikin hannunki a jikina. Cikin azumi na kai zugun wurin wani tsohon maɗinki, mutumin Jega, a zangon Hausawa. Ya warware, ya auna da kamu, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sake aunawa. Ya naɗe ya miƙo mini. Wai wanga awo ba na riga ba ne, awon likkafani ne, haka uwayen can gida ke yi wa ɗan da zai yi nisa, don kada ya mutu a baƙon wuri a rasa abin rufa shi. Inna, na zage shi. Kin san bakina. Na ce tsufa ya cinye masa ido, na ce a Jega ma ɗinkin buhu yake yi. Na ɗauki zugun na fito.

Bari in ba ki labarin abokina Bawa. Ɗan masunta ne daga Kalgo, tare muka taho, ɗakinmu ɗaya, layinmu ɗaya a rami. Tsawonmu ɗaya, har heluma, shugaban lebura, yana rikita mu in fitila ta yi rauni. Shi kaɗai ke iya tare bakina. Da ya ji ranakun za su haɗu, dariya ya yi ta yi. "Kai dai ba ka da rabo, ɗan Gwandu. Ranarka da ma da gari duka kake rabawa, bana har da Sarkin Turawa za ku sa hannu a akushi ɗaya." Ya sayi bandar kifi, ya rataye a ɗaki, ya ce zai yi mini miya irin ta Kalgo, in san cewa nono ba abinci ba ne.

Tun farkon azumi dutsen layinmu ke magana. Haka muke cewa in katakon da aka tokare rufi da shi ya fara ƙara, tsakuwa tana zubowa ba wanda ya taɓa ta. Mun gaya wa heluma, ya gaya wa Bature, Bature ya ce a bari sai bayan biki. Jiya, jajibere, an aike ni in ɗauko kyandir. Ban yi nisa ba na ji iska ta buge ni ta baya, fitilata ta mutu. Inda nake tsaye kafin a aike ni, nan Bawa ya matsa, nan kuma dutsen ya zubo.

Da hannu muka tono shi. Da azumi a bakinsa. Ya kai safiyar yau, ana kabbarar Idi ya cika.

Sai neman likkafani. Kanti a rufe, mai kanti yana wurin jan igiya. Muka je gidan Bature, kukunsa ya fito ya ce Maigida ba ya son maganar mutuwa ranar Sarki, ga tsohon bargo a naɗe shi. Bargo, Inna. Wanda karensu ke kwana a kai, gashin ma yana jiki. Abin da na faɗa a ƙofar gidan nan ba zan rubuta miki ba. Mutane suka riƙe ni.

Na koma ɗaki na ɗauko zugunki. Tsohon nan na Jega ya karɓa. Ya haɗa, ya ɗinka, muka yi wa Bawa wanka, muka sa shi ciki. Ya yi masa daidai. Ba ragi, ba ƙari, kamar kin auna shi da idonki. Amma ni kika auna. Duk shekarun nan da nake cewa ba ki kallona, ashe kin san tsawona har da tafin hannu.

Abin da ya hana ni taɓa naman san da Turawa suka yanka wa lebura don biki ke nan. Tsoro nake ji. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba, ke ma da kina da rai da ban faɗa ba. Gobe jiniya za ta busa, keji zai sauka, kuma layin da ke kusa da namu shi ma ya fara magana. Gudu ba ya yiwuwa, mun dangwala yatsa a takardar aiki, wanda ya gudu a mashigin kogi ake kama shi a dawo da shi da bulala. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, kowa da ranarsa. In dutse ya zubo da yawa, ba sa tonowa, toshe layin suke yi su buɗe wani. Ba wanka, ba sallah, ba wanda zai juya fuskata gabas. In kuwa an tono ni, bargon nan yana nan yana jira.

Ina ta tambayar kaina, Bawa ya karɓi ranata ne, ko tawa tana nan tafe ya riga ni ɗaukar tufafin kawai? Na san wanga tunani ba shi da kyau, Allah ya gafarta mini. Kuma ki yafe mini da na ba da kyautarki. Ina jin da kina nan, kaji za ki juya ki gaya wa cewa wani ya kyauta.

Da ake yage ɗaurin likkafanin, wani siririn ƙyalle ya rage, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Tsohon ya sa mini a hannu. Na ɗaura shi a damtse. Da shi zan sauka gobe. In an toshe layi da ni a ciki, ko ba komai zarenki yana jikina.

Kifin Bawa yana nan rataye. In na gama wagga takarda zan dafa shi yadda na iya, in kira maɗinkin mu ci, tunda yau ranar wani ce. Ku da kuke saurare a zauren Baffa, wani ya taimaka ya je Kalgo, unguwar masunta, ya gaya wa uwar Bawa ɗanta ya sami wanka da sallah, kuma da farin zugu na gida aka rufe shi.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya yalwata shi, ya sa Bawa ya zama maƙwabcinki a Aljanna. Allah ya riƙe dutsen nan har in fito. In kuwa bai riƙe ba, Allah ya sa in na iso ki gane ni. Ba sai kin kira suna ba. Ki ce a ce mini in zo, zan ji.

Wassalamu.

Ni ne naki,
Wancan.