Wayar Gem da Ƴan Tsakina

Jamil,

Na wuce kasuwar Gezawa kana ta munshari. Ban tashe ka ba, don in na ga idonka yanzu ba za mu kwashe lafiya ba.

Na ga aika-aikarka. Wato wayar da ke jikin hannun buga tsohon gem ɗin nan mai kaset ta yi maka gajarta, kai kuma ka fi ƙarfin jawo tabarma kusa da talabijin, shi ne ka yanko wayar ƙwan solar da ke ɗumama ƴan tsakina ka jona? Da safe na tarar da su cure a lungun akurki, rabi sun sandare. Kuma ko gem ɗin bai yi ba, ga salatif nan ka watsar a ƙasa.

Ka mayar min da wayata kafin la'asar. Matattun suna cikin kwano a ƙofar ɗakinka, ka binne su bayan rumbu. Kai za ka gaya wa Inna da bakinka, don da nata a ciki.

Hannuwan gem ɗin duka suna cikin jakata. Jiya ɗan matsowa ya gagare ka, yau sai ka nemo wayar da za ta kai Gezawa.

Yayarka,
Kaltume